Ozempic ba insulin ba ce: ga inda ake ruɗewa

Tun da allurar Ozempic, ta ciwon suga da ake kuma amfani da ita don rage ƙiba, ta yi tashe, ana ta tambaya: ba insulin ba ce? A'a. Amma ruɗanin daga wani wuri ya taso, kuma a kan wannan wurin zan fi mai da hankali.

Mutane da yawa sun ɗauka mai ƙibar da ke gab da kamuwa da ciwon suga, insulin ce ta yi masa ƙaranci. A farkon lamarin, sau da yawa tana nan jingim a jininsa, har ta fi ta mai lafiya. Aikinta ta ƙwanƙwasa wa tsoka ƙofa don suga ya shiga, ta kuma ce wa hanta ta daina zuba suga cikin jini. Idan kitse ya taru a hanta da tsoka, sai su yi mata kunnen ƙashi. Me fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, zai yi? Ya ƙara turo wata. Haka zai yi ta fama shekara da shekaru, awo yana nuna suga ya ɗan hau kawai, har ranar da zai gaji. Wannan tsakanin kafin ciwon ya kama, inda awon HbA1c (mai nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya) ke kashi 5.7 zuwa 6.4 cikin ɗari, shi ya fi damuna, don ba ya ciwo.

Sai magungunan, da sauri. Metformin, ƙwayar maganin ciwon suga, yana rage sugan da hanta ke fitarwa. A wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2002, mai mutum 3,234 da ke gab da kamuwa da ciwon suga, ya rage kamuwa da ciwon da kashi 31 cikin ɗari. Gyara cin abinci da motsa jiki na minti 150 a mako ya rage da kashi 58. Wallahi ina so a riƙa ambaton wannan adadin kamar yadda ake ambaton allurai.

Su kuwa semaglutide na cikin Ozempic da tirzepatide na cikin Mounjaro, kwaikwayon sinadaran hanji suke yi. Suna rage yunwa, jiki ya faɗa, kitsen hanta ya ragu, tsoka ta fara jin kiran insulin. Waɗanda aka gwada wa semaglutide sun rage kusan kashi 15 na nauyinsu cikin mako 68. Shekara guda bayan an tsayar da allurar, kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage ya dawo.