Yadda Ake Gwajin Iskar Radon a Ajujuwan Makaranta

Radon iska ce da ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kuma da ɗanɗano, don haka ɗalibi zai iya shaƙar ta shekara da shekaru ba tare da kowa ya sani ba. Tushenta sinadarin yuraniyam ne da ke cikin duwatsu da ƙasa, wanda a hankali yake rikiɗewa ya koma radiyam, daga nan radon ta fito. A sarari ba ta taruwa, amma idan ta samu tsaga a daɓen gini ko 'yar kafa a gefen bututu, sai ta kutsa ta taru a ɗakin da yake rufe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa radon ce ke haddasa kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na cutar dajin huhu, gwargwadon yanayin kowace ƙasa. A Amurka, Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar, wato EPA, ta ce ita ce ta biyu bayan shan taba, kuma binciken da ta yi a makarantu ya nuna cewa kusan makaranta 1 cikin 5 tana da aƙalla aji guda da ya haura mizanin hukumar, wato bekerel 148 a kowace kubik mita ta iska (bekerel ma'auni ne da ake auna yawan radon da shi).

Abin da ya fi muhimmanci a gwajin shi ne a bi ajujuwa ɗaya bayan ɗaya. Ajujuwa biyu da bango kaɗai ya raba su suna iya ba da sakamako mabambanci ƙwarai, domin tsagar da ke ƙarƙashin wannan ba lallai ta kai ƙarƙashin wancan ba. Shi ya sa EPA ta ba da shawarar a gwada kowane ɗaki da ake yawan zama a cikinsa matuƙar daɓensa yana kan ƙasa, har da ofisoshin malamai da ɗakin karatu. Makarantar da ta gwada ɗakuna biyu ko uku ta ce ta tsira, gaskiya ba ta san halin da sauran suke ciki ba.

Lokaci ma yana da tasiri. Ana yin gwajin ne a watannin sanyi, lokacin da tagogi suke rufe, kuma a ranakun karatu, domin a hutu akan kashe na'urorin shigar da iska, sakamakon kuwa ba zai nuna abin da ɗalibai suke shaƙa ba. Ana ajiye ƙaramin gwangwani mai ɗauke da gawayi na 'yan kwanaki, sama da rabin mita daga ƙasa, nesa da taga da ƙofa, sannan a aika shi ɗakin bincike. Idan adadin ya yi yawa, sai a sake gwadawa don tabbatarwa, wani lokaci da na'urar da ke zama fiye da kwana 90.

Gyaran ba ya buƙatar rushe gini. Akan huda daɓen a sa bututu mai fanka wanda zai zuƙo iskar daga ƙarƙashi ya fitar da ita ta saman rufi, a toshe tsagogi, a kuma daidaita shigar iska. Bayan an kammala aikin, dole ne a sake auna ɗakin, haka kuma duk lokacin da aka yi wa ginin babban gyara.