Koyar da Wasan Kwaikwayo Mai Ban Tsoro a Ƙaramar Sakandare

Assalamu alaikum. Malamai, sannunku da zuwa. Wasunku daga nesa kuka taso, ba zan ja ku da nisa ba.

Ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ya san tsoro tun kafin ya iya riƙe biro. Ya ji labarin Dodo a bakin kakarsa, an sha korarsa daga bakin ƙofa da magariba. Abin da bai sani ba shi ne tsoron da ke cikin labari ƙera shi ake yi, yadda maƙeri ke ƙera lauje. Aikinmu mu nuna masa inda aka buga guduma.

Rubutaccen wasa irin wannan ba shi da yawa a Hausa, don haka ɗauki tatsuniya ka mai da ita wasa mai fitowa uku, shafi huɗu ko biyar. Wadda ta fi dacewa ita ce ta budurwar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba, dodo ya rikiɗa ya zo mata a saurayi sumul. In ajinka yara 60 ne, raba su rukuni 10, kowane rukuni kwafi uku. Kada ka ce za a kwafa daga allo, zai cinye maka darasi sukutum.

Darasi uku kake bukata, kowanne minti 40. Na farko karatu ne. Ɗauki minti biyar ka nuna fasalin shafi: sunan ɗan wasa a hagu, maganarsa a gaba, abin da ke cikin baka, wato alamar ( ), kuwa umarni ne, ba a furta shi a dandamali. Nan matsala take farawa. Yara tsallake baka suke yi, alhali rabin tsoron a can yake kwance. Ware yaro ɗaya wanda aikinsa karanta baka kawai. Ku saurara:

AMARYA: Maigida, har yanzu ba mu iso garinku ba?
ANGO: (Bai waiwayo ba.) Saura kaɗan. (Ya tsaya gindin kuka, ya cire kunnensa na dama, ya rataye a reshe.)
AMARYA: (Tana gyara lulluɓi, ba ta gani ba.) Ni dai ƙafata ta gaji.

Tambaye su, wa ya ga kunnen nan? Mu. Wa bai gani ba? Amarya. Ja layi a tsakiyar allo, gefe guda abin da mai kallo ya sani, ɗaya gefen abin da amarya ta sani. Duk sanda gefenmu ya fi nata tsawo, gaban mai kallo faɗuwa yake yi. Yaron da ya gane wannan ya kama bakin zaren.

Darasi na biyu nazari ne: jigo, zubi da tsari, 'yan wasa, salo. Da ka tambayi jigo, yaro zai soma ba ka labarin daga farko, saura kaɗan ya ce ga ta nan ga ta nanku. Tsayar da shi. Jimla ɗaya kake so, da hujja, wato layin da ya dogara da shi da lambar shafi. Sannan kowane rukuni ya ba kowace fitowa maki daga 1 zuwa 5 gwargwadon tsoronta. Za su yi gardama, ƙyale su, gardamar ita ce nazarin. Galibi sukan gano cewa wurin da ya fi firgitarwa yana gab da bayyanar dodon, lokacin da amarya ke maimaita tambaya, amsar ango tana ƙara gajarta har ta koma shiru. Sai ka ba su sunayen abin da suka gano da kansu: jinkiri, maimaici, shiru.

Na uku gwadawa. Rukuni huɗu kawai lokaci zai ɗauka, minti biyar-biyar, sauran su zama alƙalai. Tsakuwa a gwangwani da jan tsintsiya a siminti sun isa sauti. Za a yi dariya, kada ka ɗauko bulala. Mafi yawa mai fitowa a dodo ne ya cika gurnani da zare ido. Ce masa ya sake, a hankali, murya ƙasa-ƙasa, ka ga yadda ajin zai yi tsit.

Ina roƙonku da Allah ku kula da rabon matsayi. Kada a ba yaron da ake tsokana, ko mai wata nakasa, ko mai farfaɗiya, matsayin dodo, domin sunan zai bi shi har ya bar makarantar. Ku guji wasan da ake nuna tsohuwa ana ce mata mayya, mun san abin da wannan zargi ke jawowa a garuruwanmu. A makarantar kwana a yi darasin da safe, ban da lokacin karatun dare, kuma shugaban makaranta ya ga takardar tun kafin yara su gani. Yaron da aka yi wa rasuwa kwanan nan, ba shi agogo ya riƙe lokaci.

Aikin gida: su sake rubuta wannan fitowar, amma amarya ta ga kunnen. Rabin shafi ya isa. Mako mai zuwa a karanta biyu ko uku, a sake ba da maki, a ga ko tsoron ya ƙaru ko ya ragu.