Wane Gefe Za a Kwantar da Shi? Jinya Bayan Tiyatar Huhu

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Malam Bashir, an fito da mutum daga tiyatar huhu, ya farfaɗo. Da me za a fara?

Bashir: Da zarar bugun jininsa ya daidaita, a ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45. Kayan ciki sai su sauka, huhu ya samu wurin buɗewa. Sannan a riƙa juya shi duk bayan awa 2.

Hadiza: Juyawar nan ce ke rikita sababbin nas-nas. Wane gefe?

Bashir: Ki fara duba nawa aka cire. Huhun dama sashi 3 ne, na hagu 2. In sashi ɗaya aka cire, yawanci lafiyayyen huhun ake sawa ƙasa, gefen aikin yana sama, don ragowar huhun ya cika gurbin.

Zainab: Amma in huhu ɗaya aka cire ɗungurungum, to lissafi ya juya. Rigingine zai kwanta, ko a ɗan karkata shi wajen aikin. Kogon da huhun ya bari cika yake yi da ruwa. Ka kwantar da shi kan lafiyayyen gefe, ɗinkin bututun iska ya ɗan saki, ruwan ya gangara cikin huhun da ya rage masa. Ga zuciya ma na iya gocewa ta danne shi. Shi ya sa muke taɓa maƙogwaro mu ji ko yana nan tsakiya. Ƙarin ruwa ma da taka-tsantsan ake sa masa, huhu ɗaya ba ya ɗaukar ambaliya.

Hadiza: Sista Zainab, robar ƙirji fa, wadda ke fitar da jini da iska zuwa cikin kwalba mai ruwa?

Zainab: Kwalbar kullum ƙasa da ƙirji take, bakin robar nutse cikin ruwa santimita 2. Ki sa ido: ruwan ya riƙa hawa da sauka tare da numfashi. In ya tsaya cak, ki bi robar da hannu, sau da yawa kwanciya ya yi a kanta ta lanƙwashe. Kumfa ba tsayawa, iska ke yoyo. Kuma kada a matse roba tana kumfa, iskar za ta taru a ƙirji ta murƙushe huhu.

Bashir: Jan jini ya wuce mililita 200 a awa, a kira likita nan take.

Hadiza: Sai tari, wanda kowa ke gudu.

Bashir: Dole ya guje shi, tsakanin haƙarƙari aka ratsa. A ba shi maganin zafi kamar minti 30 kafin nan, ya rungume matashi kan ciwon, ya ja dogon numfashi sau 10 kowace awa, sannan ya yi tarin. Majinar da ta kwanta ita ke toshe huhu ta kawo nimoniya.

Zainab: Kafaɗar gefen aikin kuma ya fara ɗaga ta tun ranar farko, in ba haka ba sandarewa za ta yi. Washegari, ko da robar a jikinsa, a taimaka masa ya sauko ya taka, wani na riƙe da kwalbar ƙasa-ƙasa.