Tuwon sallah ba tare da uwargida ta jigata ba

Assalamu alaikum 'yan uwana mata masu sauraro, na Ringim da Gumel da Kazaure, da ku mutanen ƙauyukan Wudil da Ɗambatta, sannunku da ibada, Allah ya karɓa mana. Toh yau maganar tarbar baƙin sallah za mu yi, don abin yana damuna wallahi. Mace ta yi azumi 29 ko 30, ranar da ya kamata ta sa sabon zane ta zauna da danginta sai ka ganta gaban murhu tun asuba har la'asar, ido ya yi ja da hayaƙi, lallen da aka ƙunsa mata ma ba wanda ya gani. Ni na taɓa yi, shekarar da na ce sai na yi tuwo da waina da shinkafa da miya da taliya duk rana ɗaya, yayata ta taso tun daga Haɗeja ta zo ta koma ko hirar minti 10 ba mu yi ba, har yau abin na raina.

Yaya, abinci ɗaya za ki tsayar. Tuwon shinkafa da miyar taushe ya ishi kowa fita kunya, shi muka taso muka ga iyayenmu na rabawa. In kuma gidanku 'yan waina ne to ki yi wainar ki bar tuwon, miyar dai ɗaya ce ai.

Aikin kuma tun saura kwana 4 ko 5 ake fara shi. Cincin da dubulan ki soya su da daddare bayan an sha ruwa, ki bari su huce sarai tukunna ki zuba a bokiti mai murfi, in kika rufe da ɗumi gumi zai sauka su yi laushi. Cefane ki yi shi a kasuwar da ta ci kafin sallah, masu zuwa Wudil ranar Juma'a, na Maigatari ranar Alhamis, kar ki jira jajibiri lokacin da tattasai ke tashi kowa na rububi. Niƙa ma haka, ranar jajibiri layin inji sai ki tura yaro da hantsi bai dawo ba sai magariba, don haka gyaɗar miya ki soya ki daka tun da wuri, kayan miya a markaɗa a tafasa har ruwan ya tsotse a soya da mai, wannan zai kwana biyu lafiya lau ko babu firij in dai kina ɗumamawa safe da yamma. Itace a faskara a jibge kusa da murhu, randuna a cike su tun dare.

Kabewa ki fere ta da daren sallah, alayyahu da yakuwa ki gyara amma kar ki yanka sai da safe. Mai yin waina ta jiƙa shinkafarta da rana, a niƙo da yamma, ta sa yis ta rufe ƙullun ya kwana, da asuba sai ɗan ruwan kanwa da sukari da albasa, a ɗora tanda. Kin ga kafin maza su sauko daga idi kin gama kin yi wanka.

Abin sha kuwa ni zoɓo nake ba da shawara, da citta da kanumfari, a dafa da dare a tace, sukari sai da safe. Kunun aya akwai daɗi amma ba ya haƙuri, in babu ƙanƙara kafin azahar ya fara tsami, asara kenan. A sanyaya zoɓon cikin tulu a inuwa ya wadatar.

Sannan don Allah a raba aiki, ba gazawa ba ce. In gidan yawa ne ku zauna da faccalolinki ku yi tukunya ɗaya, wannan ta tuƙa tuwo waccan ta yi miya, 'yammata su kwashe su yi malmala, samari su share zaure su shimfiɗa tabarmi. Kwanukan rabo ki jera su tun dare, ki san na gidan surukai da na liman da na maƙwabta, ki liƙa ɗan filasta a gindin kowace langa don ranar sallah kwanuka yawo suke, kuma yaro ɗaya mai hankali shi zai riƙa kaiwa. Tuwon da maƙwabta suka aiko miki shi ma abincin baƙi ne, ki ajiye a kula, kar ki ce sai naki za a ci.

Maigida kuma, Malam in kana jinmu, ka canzo ƙananan kuɗi na barka da sallar yara da ɗan goro na tsofaffi tun kafin ranar, kuma in ka gayyato abokai ka faɗa mata mutum nawa ne tun da wuri.

Abin da ya rage na tuwo kar a zubar, ki tafasa miyar kafin ki kwanta ki rufe kar a sake sa ludayi ciki, washegari masu tafiya kallon hawa su karya da ɗumame kafin su hau mota.