Hagun Wa Darakta Yake Nufi?

Zauren wata makarantar sakandare ne a Tudun Wadan Gombe, ana gwajin wasan kwaikwayon da za a nuna ranar rabon kyaututtuka. Darakta ya daka tsawa: "Kai mai rawani, matsa hagu!" Yaro ya yi turus. Hagunsa ko hagun malam?

Hagunsa ne. A ƙa'idar dandamali, hagu da dama na ɗan wasa ne idan ya fuskanci 'yan kallo, ba na wanda ke zaune yana kallo ba.

Sai sama da ƙasa, inda aka fi ruɗewa. A da, a Turai, akan gina dandamali da ɗan gangare, baya ya fi gaba tudu, don na zaune su hango kowa. Shi ya sa har yau in an ce ka hau sama, baya ake nufi, in an ce sauko, matso kusa da 'yan kallo, ko da daɓen shimfiɗe yake sumul.

Wasan kansa akan raba shi kashi-kashi, kowane kashi da fitowa-fitowarsa. Bayan fage kuwa, kalmar da 'yan siyasa suka ara suka ƙi mayarwa, can ne ake canza sutura da kwalliya. A gefen labule mai tuni yake rakuɓe da takarda, ya raɗa wa wanda ya manta zancensa. Akwai kuma madadi, bawan Allah da ya haddace rawar jarumi kaf, yana jiran ranar da jarumin zai kwanta zazzaɓi.

A wasan da ake yi da waƙa, irin na Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo a New York, inda sai zaure ya kai kujera 500 yake shiga sahunsu, waƙar ce ke jan labarin. Kafin a ɗaga labule akwai kiɗan buɗe fage, mai ɗanɗana maka guntayen waƙoƙin da ke tafe. 'Yan amshi kuma ai mun san su. Duk wanda ya ga yaran unguwar Jekadafari a Gombe suna tashe da azumi, ɗaya da gemun auduga yana bayarwa sauran suna karɓa, ya riga ya ga aikinsu.

Af, a Ingila da Amurka ba a yi wa ɗan wasa fatan sa'a, camfi ya hana. Cewa ake: "Karya ƙafarka!"