Takardar da ta sa ƙanena ya ɗauka kansa ne ba ya ja

Assalamu alaikum jama'a, mutanen Bauchin Yakubu da na ko'ina. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, a hanya nake, kuma yau tun asuba raina a ɓace yake.

Ƙanena ne ya turo min hoto ta WhatsApp daga gida. Ya fara koyon Python, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, sai ya je wani shagon fotokwafi ya sayi takardar darasi, irin wadda ake maƙale wa da sitefula, wai N2,500. A shafin farko an rubuta print, umarnin da ke sa kwamfuta ta nuna rubutu, sai "Sannu" a gabansa, babu baka biyu, wato alamar ( ). Ya kwafa harafi da harafi, kwamfuta ta ƙi. Ya sake, ta sake ƙi. Sai ga saƙonsa: "Yaya, ina ganin wannan karatun ba na irina ba ne." Wallahi sai da na ajiye kofin shayin da ke hannuna. Yaron nan ba abin da ya ɓata! Takardar ce ta tsufa. Rubutun Python 2 ne. Tun Disambar 2008 aka fito da Python 3, wanda a cikinsa dole ka sa abin da za ka buga tsakanin baka biyu, kuma ranar 1 ga Janairun 2020 masu yaren suka janye hannu daga Python 2 gaba ɗaya. Amma ga wani can yana ta bugawa yana sayar wa yara, ko shekara bai rubuta a bango ba.

Abin da ya fi taɓa ni, kwamfutar ta gaya masa da Turanci cewa baka biyu ne babu. Ya gani da idonsa. Amma ya fi yarda da takarda, don haka muka tashi, abin da malam ya rubuta ba a ja da shi. Sai ya ɗora wa kansa laifin. Na ce ya ɗauko min sauran shafukan, sai ga wani wurin an ce idan ka raba 7 da 2 za ka samu 3. Da can haka ne, yanzu 3.5 ne. Wannan ma ya fi muni, domin kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, amsa kawai za ta ba ka daban, ka zauna kana ƙirga yatsu.

To, me ya sa abin ya yi min zafi haka? Aikina ke nan a nan Amstadam, ƙasar Holan. Wani kamfani nake yi wa gyaran littafin jagora na masu rubuta manhaja, injiniyoyi su rubuta, ni in bi layi-layi. E, ɗan Bauchi ne ke zaune yana ce wa Bature wannan jimlar taka ba ta fita ba, sake ta. Alhamdulillahi, ina alfahari da hakan. Kuma a garin nan aka haifi yaren kansa: Guido van Rossum ya fara shi a ƙarshen 1989 a cibiyar bincike ta CWI, ya sake shi ga duniya a 1991. Nakan wuce ta unguwar a keke. Keken ma na hannu ne, Yuro 90 na saye shi, kwaɗon ɗaure shi kuma Yuro 40, don a nan in ka yi sake da keke ka yi sallama da shi.

Mutane suna ɗauka aikin nan gyaran waƙafi da aya ne. Ina! Bari in ba ku misali ɗaya da muka kusan kwana a kansa. Akwai abin da ake kira dict a Python, inda kake ajiye bayanai kowanne da sunansa. A Python 3.6 idan ka zuba abubuwa a ciki, yadda ka jera su haka suke fito maka. Amma ba alkawari ba ne, yadda aka gina injin ne ya zo da hakan. Sai a 3.7, a 2018, aka ce daga yau wannan doka ce ta yaren, kowa ya dogara da ita. Wani abokin aikina ya rubuta cewa dict yana riƙe jeri, ya sa aya. Na ce masa tun yaushe? Ya ce ai kowa ya sani. Na ce wanda ya sani ba ya buɗe littafi. Mai buɗewa shi ne wanda ya maƙale da tsakar dare, ba wanda zai tambaya, wataƙila ma tsohuwar sigar Python ce a kan na'urarsa. Muka yi ta ja har aka ƙara kalmomi huɗu masu faɗin daga wace siga abin ya fara. Kamar kwatance ne: baƙo ya sauka a Bauchi ka ce masa in ya kai shataletale ya yi dama. Wanne? Na Wunti ko wani? Kai da ka san gari ba ka ga matsala ba, shi kuwa ya ɓata.

Wunti da na ambata ma ta tuna min da masar gida. Jama'a, abincin rana a ofishin nan burodi ne da cuku, mai sanyi, kowa ya ci a tsaye cikin minti goma. Kofi ɗan mitsitsi Yuro 4. Da za a kawo min masar Bauchi guda biyar da miyar taushe yanzu, da na bayar da kofin wata guda ban waiwaya ba. Allah Ya kai mu hutun sallah.

Abu ɗaya da na yaba musu a nan, misali ba ya shiga littafi sai an gwada shi. Python tana da wani kayan aiki, doctest, da ke bin misalan da ke cikin rubutu ya kunna su ɗaya bayan ɗaya, in amsar da aka rubuta ta saɓa da wadda kwamfuta ta bayar ya tona asiri. Kuma gyarana ba ya wucewa sai wani ya duba ya sa hannu. Da mai takardar nan ya zauna minti talatin ya kunna misalansa, da bai karya wa yaro gwiwa ba.

Don haka ƙannena na Yelwa, na Gwallameji, da ku na Gombe da Kashere da kuke turo min tambayoyi, ku ji ni da kyau. Duk takardar da ba a rubuta sigar Python a kanta ba, kada ka ba da ko sisi. Bidiyon YouTube ma duba shekararsa kafin ka ƙona datarka. Littafin asali na masu yaren kyauta ne, kana iya sauke shi gaba ɗaya ranar da ka samu intanet mai kyau ka riƙa karantawa ko babu data, kuma a samansa akwai wurin zaɓen siga. An fassara shi zuwa Faransanci da Japananci da Sifaniyanci da wasu harsuna. Duk lokacin da na buɗe jerin nan ina neman Hausa sai zuciyata ta sosu, kuma in Allah Ya yarda ba zan bar maganar nan ba. Malamai masu haɗa takardu kuma, don girman Allah ku sa shekara da siga a bango, layi ɗaya ne.

Sai ku masu son rubuta manhajar shago ko ta adashi, wannan gargaɗin naku ne musamman. Ka ce wa Python 3 ta yi round na 2.5, wato ta mayar da shi cikakkiyar lamba mafi kusa, za ta ba ka 2, ba 3 da aka koya mana a firamare ba. Na 3.5 kuma 4. Idan lamba ta tsaya a tsakiya cif, tana karkata ne zuwa wadda ke rabuwa biyu ba saura. Ka haɗa 0.1 da 0.2, za ka ga 0.30000000000000004, saboda yadda kwamfuta ke ajiye lambobi masu ɗigo. Duk wannan yana rubuce a littafin asali, takardun fotokwafi ne ke tsallake shi. In kuɗin mutane za ka lissafa, mayar da komai kwabo ka yi aiki da cikakkun lambobi, ko ka yi amfani da decimal, kayan aikin Python na lissafin lambobi masu ɗigo daidai. Kada in ji an kira wani gaban mai unguwa a kan naira ɗaya da ta ɓace a kowane rasit.

Ga ruwa ya fara saukowa, bari in sa wayar a aljihu. Ku gaida gida.