Yadda kunne ke ganin teyatur na radiyo

Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka daga nan Tawa. Kahin in ce komi, ku ruhe ido ku saurari wanga. Ana daka cikin gida, tim, tim, tim, kaji na kuka can baya. Sai anka yi sallama daga zaure, muryar namiji, da ɗan nisa. Taɓarya ta tsaya cak. Shiru, ba wanda ya amsa.

To ku buɗe ido. Na san kun ga matar, kun ga turmin, wani ma har kalar zanenta ya gani, kuma kun gane mai sallamar nan ba baƙo ba ne, wani ne da anka daɗe ba a gani ba, ƙila maigidan ne ya komo daga Abijan bayan shekara da shekaru. Wa ya gaya muku? Tsayawar taɓaryar nan ce ta gaya muku. Nazarin teyatur na radiyo daga nan yake somawa, duk hoton da ya zo maka a zuci ka tambayi kanka ta wace ƙofa ya shigo.

Tun farko ma masu abin sun san da haka. A Janairun 1924 BBC ta watsa wasan da wani Bature Richard Hughes ya rubuta takanas don radiyo, sai ya aje labarin cikin ramin haƙar kwal, fitilu sunka mutu. Mutanen cikin wasa ba su ganin komi, kai ma da ke saurare ba ka ganin komi, kun zama ɗaya ke nan. Mu nan Nijar radiyon ƙasa ta soma a 1958, ta koma Muryar Sahel a 1974, kuma manyan ƴan wasanmu na Hausa irin su Yazi Dogo galibi ba kalma kalma ake rubuta musu ba, a shirya ƙashin labari ne, kowa ya san matsayinshi, magana ta hito daga baki. Shi ya sa in za ka yi nazarin irin namu, takarda ba ta isarka, sai ka kasa kunne.

Abin da ni ya hi burge ni shi ne mikro. Ɗan wasa ya matso dab da shi ya yi ƙasa da murya, sai ka ji kamar cikin kunnenka yake raɗa, ka shiga zuciyarshi ke nan. Ya ja baya taki biyu ya ɗaga murya, ya koma bakin ƙofa, alhali situdiyon ɗan ɗaki ne. Ita kanta muryar kati ce ta shaida, daga "ina kwana" guda ka san Ba'adare ne ko ɗan Damagaram, tsoho ne ko matashi, mai kuɗi ne ko mai neman bashi. Ƙarar kuwa, leda ake murzawa a hankali ta zama wuta na ci, ƙoƙo biyu a kihe kan tabur su zama doki na sukuwa.

Yanzu ga inda abin ke ɓata min rai. Ka ji mace na cewa "ga ka nan ka shigo riƙe da jaka baƙa", don Allah wace mace ce ke yi ma mijinta magana haka? Marubuci ne ya rasa dabara ya ɗora ma bakinta aikin ido. Haka wasannin faɗakarwa da yawa na furoje, ana cikin rigimar gida mai daɗi sai likita ya shigo ya yi lacca ta minti biyar kan rigakahi, saƙon mai kyau ne wallahi, amma mutane a fada sai su koma ga shayinsu.

Mu koma gidan ɗazu. A ce matar ta amsa sallamar nan take da murna, labari ɗaya ke nan. A ce ta yi shiru na daƙiƙa huɗu, sannan ta ci gaba da dakanta da ƙarhi fiye da na farko ba ta ce uffan ba, ai kun ji shekarun da ya yi bai aiko ko dala ba. Ku sake saurare, wannan karon ku ƙirga shirun.